Hayaƙin Gashi a Filin Tempelhof

Ranar wata Lahadi cikin watan Yuli, da misalin ƙarfe huɗu na yamma, na sauka daga jirgin ƙarƙashin ƙasa a unguwar Neukölln da ke Balin, babban birnin Jamus. Ban tambayi kowa hanya ba, don duk wanda ya fito daga tashar waje ɗaya ya nufa. Wani magidanci yana gabana yana tura keken jarirai, amma babu jariri a ciki sai buhun gawayi da kujeru masu naɗewa. Matarsa na biye da kula a hannu ɗaya, bargo a ɗaya hannun. Yara sun yi gaba da ƙwallo. Na bi sahunsu har layin ya ƙare a bakin wata ƙofar waya. Muna shiga sai gine-gine suka yanke, sama ta buɗe.

Fili ne fetal, iya ganinka, babu itatuwa sai jefi-jefi a gefe. Tituna biyu masu faɗin gaske sun ratsa shi daga gabas zuwa yamma, kowanne tsawonsa wajen kilomita biyu, kuma har yau da farin fenti da alamun da matuƙa jirgin sama suke dubawa in za su sauka. A kansu yanzu masu keke ne da masu gudu da yara masu sakin jirgin leda da zare. Ni dai hancina ne ya ja ni wani gefe, inda hayaƙi ya yi rumfa a kan ciyawa.

Kowane iyali da nasu kurfotin ƙarfe mai ƙafafu, dogo siriri, wanda Turkawa ke kira mangal. Maza na tsugune suna fifita garwashi da kwali. A kan wuta ga niƙaƙƙen nama an manna shi a tsinken ƙarfe mai faɗi, ga fukafukan kaza, ga tumatir da tattasai suna ƙuna a gefe. Mata na zaune kan barguna suna yanka albasa, shayi na tafasa a buta mai hawa biyu. Kunne yana jin Turkanci da Larabci da Kurdanci, yara kuwa in faɗa ya haɗa su da Jamusanci suke yi. Can gefe wasu ɗalibai Jamusawa na juya nasu tsiran. Ƙanshin kitse a kan garwashi iri ɗaya ne da na teburin mai tsire bayan magariba, sai dai a nan ba mai sayarwa, ba mai saye. Kowa nasa yake gasawa, yana kuma miƙa wa na kusa da shi. Abin ya fi kama da washegarin Babbar Sallah. Wani dattijo ya ga na tsaya ina kallo, ya yafito ni da hannu, ya naɗe mini nama cikin gurasa, ya nuna mini gefen bargo.

Ina zaune ina ci wata tambaya ta tsaya mini a rai. Wannan birni ne da mutum zai shekara yana neman ɗakin haya bai samu ba. Yaya aka yi ƙasa mai faɗin hekta 300 da ɗoriya, a cikin gari, aka bar ta haka don mutane su zo su gasa nama? Amsar tana cikin tarihin filin, tarihin nasa kuwa kusan duk a kan magana ɗaya yake: wa ke da iko da wannan ƙasa, wa kuma aka yarda ya hura wuta a kanta.

Filin sarki

Sunan Tempelhof ya samo asali ne daga wata rundunar mayaƙan Kirista da ake kira Templar, waɗanda suka kafa ƙauye a nan cikin ƙarni na 13. Shekaru aru-aru gonaki ne da makiyayar ƙauyen. A 1722 Sarkin Furusiya Friedrich Wilhelm na Ɗaya, wanda aka sani da son soja, ya fara kawo dakarunsa nan suna fareti. Daga nan filin ya zama na soja kusan shekara ɗari biyu. A zamanin daular Jamus sau biyu a shekara ake babban fareti a gaban sarki, ɗaya a farkon shekara in sanyi ya wuce, ɗaya kafin ya dawo.

Amma soja ba kullum suke atisaye ba. A ƙarshen ƙarni na 19 Balin ta cika maƙil da ma'aikatan masana'antu, suna zaune a dogayen benayen haya, iyali guda a ɗaki ɗaya da kicin, tagar ma tana kallon bangon wani ginin. Ranar Lahadi sai su kwashi yara da burodi da gahawa su fito wannan fili su sha iska. A nan samari suka fara buga ƙwallon ƙafa. Ƙungiyar Germania da aka kafa a 1888, wadda ita ce mafi tsufa cikin ƙungiyoyin ƙwallon Jamus da suka rage, a wannan fili ta yi wasanninta na farko. Ke nan zaman iyali a kan ciyawar Tempelhof ya girmi jirgin sama. Fili na sarki ne, talaka aro yake yi ranar da sarki ba ya bukata.

A watan Satumba na 1909 Orville Wright, ɗaya daga cikin 'yan'uwan nan biyu Amurkawa da suka fara tashi da jirgi mai inji, ya zo ya yi ta shawagi a saman filin, jama'a suka yi dafifi suna kallo. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya sarauta ta faɗi, fareti ya ƙare. Ranar 8 ga Oktoba 1923 aka buɗe filin jirgin sama a nan, kuma a 1926 kamfanin jiragen Luft Hansa ya fara aiki daga wannan wuri.

Shekarun Hitila

Wata uku da hawan Hitila mulki, ranar 1 ga Mayu 1933, gwamnatinsa ta tara mutane wajen miliyan guda a wannan fili da sunan bikin ranar ma'aikata. Washegari, 2 ga Mayu, aka mamaye ofisoshin ƙungiyoyin ƙwadago a duk ƙasar, aka kama shugabanninsu, aka ƙwace dukiyarsu. A gefen arewa na filin akwai wani tsohon gidan yarin soja da ake kira Columbia. Daga 1933 'yan sandan ciki suka mai da shi wurin tsare mutane, daga baya ya zama sansanin gwale-gwale sosai har zuwa 1936. Mutum kusan 8,000 suka ratsa ta cikinsa: 'yan gurguzu, 'yan ƙwadago, Yahudawa, limaman coci, da duk wanda gwamnati ta sa wa ido. A 1938 aka rushe shi don faɗaɗa filin jirgi.

Ginin da ya maye gurbinsa yana nan har gobe. Daga inda nake zaune ina hango shi can yamma maso arewa, ya lanƙwasa kamar baka, tsawonsa kilomita 1.2. Wani mai zanen gine-gine, Ernst Sagebiel, shi ya tsara shi, aka yi ta aikinsa daga 1936 zuwa 1941 ba a kammala ba. An so ya zama ƙofar shiga babban birnin daular da za ta mallaki duniya. Da yaƙi ya ɓarke sai aka mai da shi masana'antar harhaɗa jiragen yaƙi masu jefa bam, masu aikin kuwa da yawansu mutane ne da aka kwaso da ƙarfi daga Folan da ƙasashen Sobiyet da sauran wuraren da Jamus ta mamaye. Dubbansu aka zuba a barikokin katako a bakin filin, bayan waya. Daga 2012 masu haƙar kayan tarihi sun tono tushen waɗannan barikoki a gefen arewa. Ɗaya daga cikin wuraren gashi uku na filin a wannan gefen yake. Alluna ne kawai a tsaye, da hotuna da rubutu, suke gaya wa mai wucewa abin da ya faru a inda yake takawa.

Kwal daga sama

A watan Afrilu na 1945 sojojin Sobiyet suka kama filin, a watan Yuli suka miƙa shi ga Amurkawa, saboda ya faɗa cikin kasonsu da aka raba Balin gida huɗu tsakanin Amurka da Birtaniya da Faransa da Tarayyar Sobiyet. Birnin ya zama kufai, ga yunwa ga sanyi. Akwai wani babban lambu a tsakiyar gari, Tiergarten, tsohon dajin farautar sarakuna mai hekta 210. Mutane suka far masa da gatari don neman itacen jin ɗumi. Cikin itatuwa wajen 200,000, kimanin 700 ne suka tsira, aka noma dankali da kayan miya a gurbinsu. Mai karatu ya riƙe sunan wannan lambu, za mu dawo kansa.

A watan Yuni na 1948 ƙasashen yamma suka fito da sabon kuɗi a yankunan Jamus da ke hannunsu. Sobiyet ta mai da martani da toshe duk hanyoyin mota da na jirgin ƙasa da na ruwa da ke shiga Balin ta Yamma, daga ranar 24 ga watan. Mutum sama da miliyan biyu suka wayi gari a cikin ƙawanya. Hanya ɗaya ta rage, ta sama. Daga 26 ga Yuni jiragen Amurka da Birtaniya suka fara jigila, Tempelhof kuwa ita ce babbar masauka, tare da Gatow da kuma Tegel wadda aka gina cikin wata uku. An janye toshiyar ranar 12 ga Mayu 1949, amma jigila ta ci gaba har ƙarshen Satumba. Jimilla sawu wajen 278,000, kaya tan miliyan 2.3. A tsakiyar Afrilu na 1949, cikin awa 24 kacal, jirage sun yi sawu 1,398.

Labarin da aka fi bayarwa shi ne na alewa. Wani matuƙi Ba'amurke, Gail Halvorsen, ya tarar da yara tsaye a jikin waya suna kallon saukar jirage, ya raba musu cingam biyu da ke aljihunsa, daga nan ya shiga ɗaura alewa da cakulan a jikin hankici yana sako musu ta sama kamar 'yar laima. Mutanen Balin suka sa wa jiragen suna masu jefa zabibi. Amma abin da jiragen suka fi ɗauka ba abin daɗi ba ne. Kusan kashi biyu cikin uku na kayan nan kwal ne, a buhu-buhu, don tashar lantarki da gidajen burodi da murhun gida. Abin da ya riƙe birnin ke nan, a samu abin da za a sa a wuta. A ƙofar ginin akwai wani dutsen tunawa da aka kafa a 1951, mai yatsu uku suna nuna yamma, wanda mutanen gari ke kira manjagarar yunwa. A gindinsa an rubuta sunayen Turawan Birtaniya 39 da Amurkawa 31 da suka mutu a wannan aiki.

Tun daga lokacin Tempelhof ta shiga zuciyar mutanen Balin ta Yamma a matsayin ƙofar da ba a iya rufe musu ba. Amma har wa yau fili ne na soja da na masu tikiti. Talakan unguwa ta bayan waya yake ganinsa.

Baƙin da suka zo da mangal

Ranar 13 ga Agusta 1961 aka fara gina Katangar Balin. Dare ɗaya masana'antun yammacin birnin suka rasa dubban ma'aikatan da ke shigowa kullum daga gabas. Ranar 30 ga Oktoba na wannan shekarar Jamus ta Yamma ta ƙulla yarjejeniyar ɗaukar ma'aikata da Turkiyya. Samari da 'yan mata daga ƙauyukan Anatoliya suka zo, aka kira su ma'aikata baƙi, wato za su yi 'yan shekaru su koma. Suka sauka a tsofaffin benayen Kreuzberg da Wedding da Neukölln, waɗanda aka yi niyyar rushewa, banɗaki a kan matakala, ɗumi da murhun kwal. A 1973 gwamnati ta dakatar da ɗaukar sabbin ma'aikata. Waɗanda ke nan suka ga in sun fita ba dawowa, sai suka aika aka kawo musu mata da yara. A 1975 hukumar birnin ta hana baƙi sabon zama a gundumomi uku da ta ce sun yi yawa a ciki, har da hatimi a fasfo, dokar da ta kai 1990. A cikin waɗannan shekaru kuma yaƙin basasar Labanan ya koro Larabawa, cikinsu da Falasɗinawa masu yawa, suka tare a Neukölln.

Layukan da ke jingine da wayar Tempelhof ta gabas suna cikin mafi arha a birnin, dalili kuwa a bayyane yake: jirgi yana wucewa dab da rufin gida kafin ya sauka. Wanda yake da hali ya tashi. Wanda ba shi da shi ya zauna da ƙarar.

Ba wannan ne farkon zuwan Turkawa bakin filin ba. A gefen arewa akwai maƙabartar Musulmi tun 1866, inda aka mai da ƙasusuwan Ali Aziz Efendi, jakadan Daular Usmaniyya da ya rasu a Balin a 1798. A cikin harabarta aka gina masallacin Şehitlik tsakanin 1999 da 2005, mai ƙubba da hasumiya biyu irin ginin Santambul. Maƙabartar ta riga filin jirgin zuwa da shekara 57.

Jamusawa ma mutanen gashi ne, amma a bayan gida suke yi ko a 'yan lambunan haya da ake jira shekaru kafin a samu. Baturke mai 'ya'ya biyar a hawa na huɗu ba shi da tsakar gida, yarjejeniyar haya kuma sau da yawa ta hana hura gawayi a baranda. In yana so ya tara ƙannensa da surukansa da jikoki a ci abinci tare, kamar yadda ya taso ya ga ana yi, babu ɗakin da zai ɗauke su. Sai lambun gwamnati. Haka aka yi Tiergarten, wanda aka sake dasa wa itatuwa tun daga 1949, ya zama tsakar gidan waɗannan iyalai. Duk ƙarshen mako in rana ta fito, hayaƙin mangal yakan tashi a ciyawar da ke daura da fadar Bellevue, gidan shugaban ƙasa.

Shekara da shekaru ana kai ruwa rana a kan wannan hayaƙi. Hukumar gunduma ta ce shara tana taruwa tuli-tuli duk Litinin, garwashi yana ƙona ciyawa da saiwar itatuwa, kuɗin kwashewa ya fi ƙarfinta. Gaskiya ne. Wasu kuma suka ce abin da ke damun masu ƙorafi shi ne ganin mata masu ɗankwali da tukwane a ƙofar fada, a birnin da yake so baƙin yawon buɗe ido su ga wata fuska daban. Wannan ma akwai ƙanshin gaskiya a ciki. Daga farkon 2012 aka haramta gashi a Tiergarten baki ɗaya. Da yawa daga cikin masu kurfoti suka naɗe barguna suka nufo kudu, inda aka buɗe wata sabuwar ƙofa.

Yadda waya ta buɗe

Tun 1975 manyan jiragen fasinja suka koma Tegel, Tempelhof ta rage sai ƙananan jirage. Bayan haɗewar Jamus sojojin saman Amurka suka tafi a 1993. Aka yanke shawarar gina babban filin jirgi guda a bayan gari, a rufe na cikin gari. Masu ƙaunar Tempelhof suka nemi ƙuri'ar raba gardama a Afrilun 2008 don a bar ta tana aiki, amma ba su tara yawan ƙuri'ar da doka ta gindaya ba. Ranar 30 ga Oktoba 2008 jirage na ƙarshe suka tashi.

Shekara ɗaya da rabi filin yana kulle, ciyawa na tsiro, gwamnati na lissafin abin da za ta yi da shi. A watan Yuni na 2009 dubban matasa suka yi gangami za su tsallaka waya su shiga, 'yan sanda suka tare su. Ranar 8 ga Mayu 2010 aka buɗe ƙofofi, kuma a wannan ƙarshen mako kaɗai mutum sama da 200,000 suka shigo. Ba a yi wa wurin wani ado ba. Ba a dasa furanni ba, ba a haƙa tafki ba. An bar titunan jirgi yadda suke, aka kafa banɗakuna, aka ware wurare uku na gashi a kusa da manyan ƙofofi.

Wurin yana da ƙa'idojinsa, Jamus ce. Shiga kyauta ne, amma ana buɗewa da safe a rufe in rana ta faɗi. Ba a hura wuta a ƙasa, sai a kurfoti mai ƙafa, kuma a cikin iyakar da aka shata. Akwai manyan mazubai na ƙarfe don toka da garwashi. A tsakiyar filin akan kewaye ciyawa na wasu watanni saboda tsuntsayen da ke yin ƙwai a ƙasa, kuma tun 2019 ana kiwon tumaki a wani sashe don su rage ciyawar. A gefen gabas mutanen unguwa sun kafa lambun haɗin gwiwa tun 2011, amma a cikin akwatuna da tsofaffin bahuna suke shuka, domin an hana haƙa ƙasa: ba a tabbatar da abin da yaƙi da man jirgi suka bari a cikinta ba.

Ƙuri'ar 2014

A wurin gwamnatin birnin, ƙarƙashin magajin gari Klaus Wowereit, wannan buɗewa ta wucin gadi ce. Shirinta shi ne a gina gidaje wajen 4,700 a gefe-gefe, da ofisoshi, da babban ɗakin karatu, a bar tsakiya. Wata ƙungiyar mazauna gari mai suna 100% Tempelhofer Feld ta ce ko taku ɗaya ba ta yarda ba. Suka tsaya a bakin kasuwanni da tashoshi cikin hunturu har suka tara sa hannu ingantattu sama da 185,000, abin da ya tilasta a yi ƙuri'a. Ranar 25 ga Mayu 2014 mutum 739,000 suka amince da dokar da ƙungiyar ta rubuta, wato kashi 64 cikin ɗari na masu zaɓe, kuma ta yi rinjaye a duk gundumomi 12 na birnin. Dokar ta hana gini a filin. Daga ranar da sarki ya fara fareti a nan zuwa wannan rana shekara 292 ke nan.

Sai dai ba duka aka tambaya ba. Mai fasfon Jamus ne kaɗai yake jefa irin wannan ƙuri'a. Dubban ɗaruruwan manya da ke zaune a Balin ba su da shi, cikinsu har da waɗanda suka zo tun zamanin Katanga, suka yi aikin masana'anta har ƙarfinsu ya ƙare, suka ƙi sakin fasfon Turkiyya saboda a lokacin sai an saki ɗaya ake samun ɗaya. Mutanen da suka fi kowa cika wuraren gashin nan, da yawansu ba su da bakin magana ranar da aka yanke hukunci a kansa. Maƙwabtansu da 'ya'yansu ne suka jefa musu. Sai a Yunin 2024 doka ta sauya ta ba da damar riƙe fasfo biyu.

Shekara ɗaya da 'yan watanni bayan ƙuri'ar, filin ya sake karɓar wasu baƙin. A Oktoban 2015, da 'yan gudun hijira daga Siriya da Iraƙi da Afganistan suka yi ta kwararowa, aka buɗe rumfunan jiragen Sagebiel aka zuba gadaje. Akwai lokacin da mutum wajen 2,500 ke kwana a ciki, a ɗakunan allo marasa rufi, abinci dafaffe ake kawo musu. A farkon 2016 majalisar birnin ta taɓa dokar 2014 don a kafa gidajen kwantena na ɗan lokaci a bakin filin. Wanda ya yi watanni yana bin layi da faranti ba sai an gaya masa darajar kurfoti da kilo ɗaya na naman da ya zaɓa da kansa ba.

Maganar ba ta mutu ba

Fiye da kashi 80 cikin ɗari na mutanen Balin haya suke zaune, kuɗin haya kuwa ya yi tashin gwauron zabo tun daga shekarun da aka rufe filin. Layukan nan na gabas da ƙarar jirgi ta sa suka yi arha, yau suna cikin waɗanda ake rububi, don taga tana kallon fili. Iyalai da yawa da suka jure ƙarar shekara talatin, shirun ne ya kore su zuwa bayan gari. Yanzu a jirgi suke zuwa da gawayinsu.

Gwamnatin da Kai Wegner ya kafa a 2023 ta sake ɗauko zancen gini a gefen filin, ta kira taron jin ra'ayin jama'a, ta sa gasar masu zanen gine-gine. Hujjarta ba ta banza ba ce: talakan da ke gasa nama a nan shi ne dai yake neman ɗaki, kuma ba a kwana a kan ciyawa. Masu adawa suna cewa 'yan dubban gidaje ba za su sauko da haya a birni mai mutum kusan miliyan huɗu ba, akwai wasu filayen da aka ware don gini ba a taɓa su ba, kuma da dare wannan fili ne yake sanyaya unguwannin da ke kewaye da shi lokacin zafi. Suna kuma cewa daga gefe ake fara cin tuwo. Wuraren gashi da lambun akwatuna da filayen wasan yara duk a gefen suke, kusa da ƙofofi, inda mai tura keken jarirai zai iya kaiwa. In aka gina benaye masu tsada a nan, mai sabon gida ba zai daɗe ba zai kai ƙarar hayaƙi, labarin Tiergarten ya maimaita kansa.

Ni dai ra'ayina ya karkata ga masu cewa a bar shi. Duk wanda ya taso a garuruwanmu ya ga yadda filin ƙwallon unguwa ko gefen filin idi yake tafiya: yau shago ɗaya, gobe layin shaguna, jibi a nemi inda yara za su yi gudu a rasa. Kowane shago da hujjarsa, amma ba a taɓa jin an rushe unguwa an mai da ita fili ba. Gida ana iya gina shi a wurare da yawa. Wurin da dattijo mai fansho kaɗan zai tara zuri'arsa ashirin ya ciyar da su da hannunsa, ba tare da ya biya kowa ko ya nemi izinin kowa ba, shi ne yake da wuyar samu a babban birni.

A Yuli rana ba ta faɗuwa a Balin sai bayan ƙarfe tara. Da ta yi ja a bayan dogon ginin, hasumiyoyin masallaci suka koma baƙaƙe, sai motar masu gadi ta fara zagayawa a hankali tana sanar da lokacin rufewa. Mata suka kakkaɓe barguna, aka tattara kofunan shayi, aka shiga kiran yara da suna. Dattijon da ya ba ni nama ya naɗe hannunsa da tsumma, ya ɗauki kurfotin da kansa duk da samarin da ke wurin, ya taka har mazubin ƙarfe ya juye garwashin. Ya dawo ya duba inda suka zauna, ya tsinci murfin kwalba biyu da suka saura ya sa a aljihu. Na yi masa godiya, ya dafa ƙirji. Muka bi ayari zuwa ƙofa, ragowar gawayin yana cikin keken jarirai, an ɗaure bakin buhun don Lahadi mai zuwa.